Keir Hardie, Yaron Ramin Kwal

An haifi Keir Hardie a ƙasar Sikotilan cikin 1856, a gidan talakawa. Tun yana da shekara 7 ya ke aike a birnin Gilasgo, da ya kai 10 ya shiga ramin kwal. Aikinsa tsaron wata ƙofa, yana buɗewa yana rufewa domin iska ta kai ga mahaƙa. Karatu kuwa a gida ya soma, ya ƙara a makarantar dare.

Da ya girma ya zama bakin 'yan'uwansa mahaƙa, har masu ramuka suka hana shi aiki. A zamanin nan jam'iyya biyu ke karɓeɓeniyar mulki a Ingila, watau Libaral da Kwanzabatib, shi kuwa Libaral ya ke bi, kamar yawancin ma'aikata. Amma cikin 1888 suka ƙi tsai da shi zaɓe, sai ya tsaya da ƙafarsa, ya sami ƙuri'a 617 kaɗai. Bai karaya ba. Cikin 1892 mutanen wata unguwa ta gabashin Landan suka zaɓe shi, ya shiga Majalisa da tufafi irin na talakawa tsakanin masu dogayen huluna.

Cikin 1900 ƙungiyoyin ma'aikata suka haɗa kai suka sami kujera 2. Cikin 1906 suka sami 29, suka ɗauki suna Leba, suka shugabantar da Hardie a Majalisa. Shekaran nan Libaral na da wajen 400.

Sa'ad da yaƙi ya tashi a 1914 ya ƙi goyon bayansa, mutanensa suka yi masa ihu. Ya rasu cikin 1915. Shekara guda bayansa shugabannin Libaral, Asquith da Lloyd George, suka rabu. Cikin 1924 Ramsay MacDonald na Leba ya kafa gwamnati, Libaral kuwa ta koma kujera 40.

Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan wannan faɗuwa. Waɗansu sun ce yaƙi da rabuwar shugabanni suka kashe Libaral, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗansu sun ce ko ba yaƙi, ma'aikata sun riga sun fara juya mata baya, balle da aka ƙara yawan masu ƙuri'a a 1918. Mu dai a ganinmu tsagar ta soma tun ranar da aka ƙi tsai da mahaƙin kwal zaɓe. Yaƙi faɗaɗa ta ya yi.