Henry Royce: Yaron da ya fara da tallar jarida ya ƙare da ƙera motar sarakuna

Duk inda aka ambaci Rolls-Royce, abin da ke fara zuwa a zuciyar mutane shi ne sarauta da dukiya, domin mota ce da aka saba gani a fadojin sarakuna da gidajen manyan attajirai. Sai dai mutumin da ya ƙera ta bai gaji sarauta ko dukiya ba. Maraya ne da ya yi shekara ɗaya tak a makaranta, ya yi tallar jarida a titunan Landan, kuma a ƙarshe ya shafe shekara 20 yana tafiyar da masana'antarsa daga nesa saboda rashin lafiya.

An haifi Frederick Henry Royce ranar 27 ga Maris, 1863 a ƙauyen Alwalton da ke kusa da Peterborough a Ingila, kuma shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa yana da gidan niƙan alkama, amma sana'ar ta durƙushe, iyalin suka koma Landan neman abin rufin asiri. A 1872 mahaifin ya rasu, Royce yana da shekara 9. Daga nan ya shiga tallar jarida, daga baya kuma ya zama ɗan aiken kai saƙon waya gida-gida.

Ƙofar sana'a ta buɗe masa a 1878, lokacin da wata 'yar uwar iyayensa ta ɗauki nauyin koyonsa a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta kamfanin Great Northern Railway da ke Peterborough. Bayan shekara uku kuɗi suka ƙare, dole ya bar wurin bai kammala ba. Ya yi ɗan zama a wani kamfanin ƙera kayan aiki a Leeds, sannan ya sami gurbi a kamfanin wutar lantarki a Landan, wanda ya tura shi Liverpool a 1882 domin aikin haska tituna da gidajen wasan kwaikwayo.

A 1884 ya haɗa fam 20 da ya tara da fam 50 na abokinsa Ernest Claremont, suka buɗe ƙaramin shago a Manchester suna yin kayan lantarki. Shekara 10 bayan haka sun kai ga ƙera injinan samar da wuta da manyan injinan ɗaga kaya, waɗanda suka yi suna wajen ƙarko. Amma da aka shiga sabon ƙarni kasuwa ta ja baya, kayan Jamus da na Amurka masu araha suka cika Ingila. Royce ya ƙi rage ingancin kayansa don ya karya farashi, sai ya fara neman wata hanya.

A wannan tsakani ne ya sayi wata mota ƙirar Faransa mai suna Decauville, wadda aka riga aka yi amfani da ita. Ƙararta da jijjigarta da yawan lalacewarta suka dame shi. Ya kwance ta, ya bi kayanta ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar wa kansa cewa zai iya yin wadda ta fi ta. A 1904, a wani lungu na masana'antarsa, ya kammala motoci uku masu silinda biyu. Bai zo da wata sabuwar dabara da ba a sani ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki abin da kowa ke yi, ya gyara kowane sashe har motar ta riƙa tashi ba gardama, tana tafiya ba hayaniya.

Ɗaya daga cikin motocin ta shiga hannun Henry Edmunds, darakta a kamfanin, wanda ya san Charles Rolls. Shi Rolls ɗan babban gida ne, ya yi karatun injiniya a Jami'ar Cambridge, kuma yana da shagon sayar da motocin ƙasashen waje a Landan. Ya daɗe yana neman motar Ingila da zai iya tallata wa masu kuɗi ba tare da jin kunya ba. Mutanen biyu sun haɗu a otal ɗin Midland da ke Manchester ranar 4 ga Mayu, 1904, Royce yana da shekara 41, Rolls kuma 26. A watan Disamba suka ƙulla yarjejeniya cewa Rolls zai karɓi duk motar da Royce ya ƙera, a sayar da ita da sunan Rolls-Royce. A 1906 aka yi wa kamfanin Rolls-Royce Limited rajista, Royce ya zama babban injiniya.

Akwai mutum na uku da ba a cika ambata ba, wato Claude Johnson, manajan kamfanin. Shi ne ya fahimci cewa ingancin da Royce ke wahala a kansa ba zai kawo ciniki ba sai an nuna shi a bainar jama'a. Da aka fito da samfurin 40/50 mai silinda shida, Johnson ya sa aka fente guda ɗaya da launin azurfa, aka raɗa mata suna Silver Ghost saboda rashin ƙararta. A 1907 motar ta yi tafiyar mil 15,000 a gaban alƙalan ƙungiyar masu motoci ta Birtaniya, tana kai da komo tsakanin Landan da Glasgow. Sau ɗaya kawai ta tsaya ba da niyya ba, a farkon tafiyar, lokacin da makunnin mai ya rufe kansa saboda girgiza. Daga nan ta ci mil 14,371 ba tare da cikas ba. Da aka kwance ta bayan gwajin, kuɗin kayan da suka buƙaci canji bai wuce fam 2 da sule 2 da kwabo 7 ba.

Wannan sakamako ne ya kafa sunan kamfanin. A 1908 aka koma sabuwar masana'anta a Derby, aka kuma yanke shawarar daina sauran samfurori a mayar da hankali kan guda ɗaya. Kamfanin yana sayar da ƙashin motar da injinta ne kawai, mai saye ya kai wa maginan bodi su gina masa irin wanda yake so. Sarakunan Indiya na cikin manyan masu saye. Zuwa 1926 an ƙera Silver Ghost guda 7,874, ciki har da 1,701 da aka haɗa a garin Springfield na Amurka.

Ba kullum ake nasara ba. A gasar tsaunukan Alps ta 1912, wata Silver Ghost ta kasa hawa wani tudu mai tsananin gangare sai da fasinjoji suka sauka. Kamfanin bai nemi uzuri ba. Aka sauya giyar motar daga uku zuwa huɗu, aka koma a 1913, motocin suka yi fice a gasar.

A daidai lokacin da kasuwa ta buɗe ne jarrabawa ta zo. Ranar 12 ga Yuli, 1910 Rolls ya mutu a haɗarin jirgin sama a Bournemouth yana da shekara 32. Shi kuma Royce, wanda ya saba kwana a wurin aiki ba ya kula da cin abinci, ciwo ya kayar da shi a 1911. An yi masa babbar tiyata a 1912, likitoci suka ɗauka kwanansa ya kusa ƙarewa. A shekarar ce kuma suka rabu da matarsa Minnie, wadda ya aura a 1893 ba su sami haihuwa ba.

Johnson ya tsara masa sabuwar rayuwa nesa da hayaniyar masana'anta. Da sanyi yana zama a Le Canadel da ke kudancin Faransa, sauran watanni kuma a gaɓar tekun kudancin Ingila, inda daga 1917 ya zauna a ƙauyen West Wittering. Ƙaramar tawagar masu zane ke zaune tare da shi. Zane yana fita daga hannunsa zuwa Derby, a ƙera, a gwada, a dawo masa da sakamako, kuma babu wani sashe da ke shiga mota sai ya amince. Ma'aikata sun sha wahalar wannan tsanani, amma shi ne ya hana inganci faɗuwa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shi wani fage. An ɗora sulke a kan Silver Ghost ta zama motar yaƙi, ta yi aiki har a hamadar ƙasashen Larabawa. Royce ya kuma zana injin jirgin sama mai suna Eagle, kuma irinsa guda biyu ne suka ɗauki Alcock da Brown a watan Yunin 1919, lokacin da suka zama na farko da suka ƙetare Tekun Atlantika a jirgi ba tare da yada zango ba. Injinsa mai suna R ya ba Birtaniya nasara a gasar Schneider ta 1929 da ta 1931, kuma a 1930 aka ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir Henry.

A ɓangaren motoci, tsadar rayuwa bayan yaƙi ta sa aka fito da ƙaramin samfuri mai suna Twenty a 1922, sannan Phantom ta gaji Silver Ghost a 1925. A 1931 kamfanin ya saye abokin hamayyarsa Bentley, wanda karayar tattalin arziƙin duniya ta durƙusar. Royce ya rasu a West Wittering ranar 22 ga Afrilu, 1933 yana da shekara 70. Wata shida bayan haka aka tayar da injin ƙarshe da ya aza harsashinsa, wanda aka sa wa suna Merlin, ya kuma ɗauki jiragen Spitfire da Hurricane a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ingancin da ya bari bai kare kamfanin daga haɗarin kasuwa ba. A 1971 Rolls-Royce ya karye saboda kuɗin da injin jirgi na RB211 ya lanƙwame, gwamnati ta karɓe shi, aka ware sashen motoci a 1973. A cinikin 1998 kamfanin Volkswagen ya sami Bentley da masana'antar Crewe, BMW kuma ya sayi haƙƙin sunan Rolls-Royce kan fam miliyan 40. Haka ma Jaguar da Land Rover suka koma hannun kamfanin Tata na Indiya a 2008. Dalilin a fili yake: mai sayar da motoci 'yan dubbai a shekara ba zai iya ɗaukar kuɗin binciken sabon inji shi kaɗai ba, sai ya jingina da babban kamfani.

Tun 2003 ake haɗa Rolls-Royce a Goodwood, 'yan mil kaɗan daga ƙauyen da Royce ya ƙare rayuwarsa. A 2023 kamfanin ya miƙa wa masu saye motoci 6,032, kuma a shekarar ce ya fara fitar da Spectre, motarsa ta farko mai aiki da lantarki zalla, wato fannin da Royce ya fara cin abinci a cikinsa tun kafin ya taɓa mota.