Henry Holland: Kira da Shiri

Karatu: Yohanna 9:1-7, 2 Timoti 2:15

An haifi Henry Holland a garin Durham na ƙasar Ingila a shekarar 1875. Ya karanci aikin likita a Jami'ar Edinburgh, ya gama a 1899. Da takardar da ke hannunsa, zai iya zama a ƙasarsu ya ci gashin kansa. Amma ya ji kiran Ubangiji, sai ƙungiyar mishan ta CMS ta aike shi Quetta a 1900. Garin yana cikin ƙasar Pakistan ta yau.

Can ya tarar da makafi da yawa waɗanda yanar ido ce kawai ta rufe musu gani. Cuta ce da ake cirewa da aikin tiyata, mutum ya koma gani. Holland ya ba da kansa ga wannan aiki. Ko da yake yana da kira, bai raina karatu ba. Bayan shekara 7 a fagen hidima, ya ci jarrabawar ƙwararrun likitocin tiyata ta Edinburgh a 1907.

Wani attajiri mabiyin addinin Hindu, Seth Hiranand, ya gayyace shi garin Shikarpur, ya kuma gina masa wurin aiki. Holland ya yarda bisa sharaɗin za a bar shi ya yi wa'azin bishara. Kowace shekara da lokacin sanyi yakan yi makonni a can, marasa lafiya na tururuwa, likitoci daga wasu ƙasashe na zuwa koyo. Dubban mutane suka sami ganinsu.

Gwaji bai tsallake shi ba. A 1935 girgizar ƙasa ta rushe Quetta har da asibitinsa, gini ya danne shi, ɗansa ya tono shi da rai. Bai gudu ba, ya tsaya aka sāke gina asibitin. 'Ya'yansa biyu sun bi sawunsa cikin aikin likita. Ya rasu a 1965 yana da shekara 90.

Ɗan'uwa, shafewar Ruhu Mai Tsarki ba ta hana shiri. Matashin da Allah ya kira, ya riƙe littafinsa da gaske. Kai kuma da idon mahaifinka ya fara dushewa, ko kana Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ka yi addu'a, sa'an nan ka kai shi wurin likitan da ya koyi aikin, ba mai tallar maganin ido a kasuwa ba. Tun 1943 mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda ECWA ke riƙe da shi yau. Ido ba abin gwaji ba ne.

Addu'a: Ya Uba, ka tā da amintattun likitoci daga cikin 'ya'yanmu, ka ba su haƙurin koyo da zuciyar tausayi, cikin sunan Yesu. Amin.