Marigayi Paul Bryant, Mai Horon Da Ya Fara Da Shan Kashi Tara

A tarihin wasannin jami'o'in ƙasar Amurka, da wuya a sami sunan da ya kai na marigayi Paul William Bryant. Ya yi shekara 38 yana shugabancin horar da 'yan ƙwallo a manyan makarantu huɗu, ya ci wasa 323, aka cinye shi 85, aka yi kunnen doki 17. A cikin waɗannan shekaru duka, sau ɗaya tak ya gama shekara faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa, watau 1954, shekararsa ta farko a wata kwaleji ta Jihar Teksas, inda ya ci wasa ɗaya ya sha kashi a tara. Wannan shekara ita ce ta fi kowace bayyana halinsa, mai kyau da maras kyau.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙwallon da ake magana a nan dabam yake da wanda aka saba gani a filayen ƙasar nan. Ƙwallon Amurka dogo ne mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga da shi ko a jefa wa abokin wasa, abokan hamayya kuwa su yi ƙoƙarin ka da mai riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, kowa da kwalkwali a ka da sulke a kafaɗa saboda tsananin karo. A zamanin Bryant wasa kamar goma kowace jami'a take yi a shekara, daga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Mutanen kudancin Amurka sun ɗauki nasarar jami'ar jiharsu abin alfahari ƙwarai, saboda haka mai horon da ya kasa ba ya daɗewa a kan aikinsa.

Asalinsa

An haifi Bryant ran 11 ga watan Satumba, 1913, a wani ƙauye mai suna Moro Bottom cikin Jihar Arkansas. Shi ne na goma sha ɗaya a cikin 'ya'ya goma sha biyu. Iyayensa talakawan manoma ne, mahaifinsa kuma ba ya da cikakkiyar lafiya, don haka tun yana ƙarami yakan bi mahaifiyarsa a kan amalanken alfadari su kai kayan lambu garin Fordyce su sayar. A garin nan ne, yana da shekara 13, ya yarda ya yi kokawa da wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira beya, wadda wani mai wasa da dabbobi ya kawo, a bisa alkawarin za a biya shi dala ɗaya a kowane minti. Dabbar ta cije shi a kunne, mai ita kuma ya sulale bai biya shi ko anini ba. Abin da ya samu kawai shi ne laƙabin Beya, wanda ya bi shi har kabari.

Ƙwallo ne ya fitar da shi daga gona. Jami'ar Alabama ta ɗauke shi karatu kyauta saboda wasa, yana kuma cikin 'yan wasanta na 1934 waɗanda ba a cinye su ko sau ɗaya ba. A 1935 ya yi wasa da Jami'ar Tennessee alhali kuwa yana da karaya a ƙafa. Bayan ya gama karatu ya yi aikin mataimakin mai horo a Alabama da Vanderbilt, sa'an nan ya shiga sojan ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1945 aka ba shi shugabancin horo a Jami'ar Maryland. Shekara ɗaya ya yi ya ajiye aiki, domin shugaban jami'ar ya mai da wani ɗan wasa da shi ya dakatar ba tare da shawararsa ba. Daga nan ya koma Jami'ar Kentaki, inda ya yi shekara takwas, ya ci mata gasar jami'o'in kudu maso gabas a 1950. Ran 1 ga Janairu, 1951, yaransa suka cinye Oklahoma da ci 13 da 7, bayan ita Oklahoma ta jera nasara 31. Duk da haka ƙwallon kwando ne mai daraja a Kentaki, Bryant kuwa ba mai yarda ya zama na biyu ba ne. A farkon 1954 sai ya karɓi kiran Kwalejin Aikin Gona da Kanikanci ta Teksas, makarantar maza zalla wadda horon soja ya mamaye rayuwarta, wadda kuma rabonta da cin gasar yankinta tun 1941.

Kwana Goma A Junction

Da ya duba 'yan wasan da ya tarar, sai ya ga suna da yawa amma a ganinsa kaɗan ne masu zuciya. Saboda haka ran 1 ga Satumba, 1954, ya buɗe musu sansanin horo a Junction, wani ƙaramin gari a can yamma inda kwalejin take da fili, nesa da iyaye da tsofaffin ɗalibai da 'yan jarida. Lokacin nan Teksas tana cikin wani mummunan fari da ya shekara da shekaru. Filin wasan babu ciyawa, sai tsakuwa da tsidau da ƙarangiya, zafin rana kuma yakan wuce awo 38. Tun kafin gari ya waye ake fara atisaye, da dare kuma a zauna darasi har ƙarfe goma sha ɗaya. Mafi muni, ba a ba su ruwan sha a fili, domin a wancan zamani masu horo da yawa sun ɗauka ƙishirwa tana ƙara wa saurayi juriya.

Kowace safiya sai a tarar waɗansu sun tattara kayansu sun gudu cikin dare. Waɗansu sun suma a fili, ɗaya ma zafin ya buge shi har ya kusa rasa ransa. Samari fiye da ɗari aka fara da su, da kwana goma suka cika kimanin 35 suka rage. Ɗaya daga cikinsu, Gene Stallings, yakan ba da labari cewa bas biyu suka kai su, amma ɗaya ta ishe su komowa.

Sakamakon bai yi daɗi ba. A wasan farko Kwalejin Fasaha ta Teksas ta lallasa su da ci 41 da 9. Suka cinye Jojiya da ci 6 da nema, daga nan ba su sake cin kowa ba har shekara ta ƙare. Waɗanda suka rage sun yi kaɗan, sun kuma gaji tun kafin a fara gasa, ga shi babu masu canjinsu idan wani ya ji rauni. Sai dai bayan wasan farko yawancin kashin da suka sha da 'yar rata kaɗan ne, har akwai wanda aka tashi 21 da 20. Hukumar kwalejin ta lura da haka, ta yi haƙuri da sabon mai horonta.

Haƙurin ya biya. A 1955 suka ci wasa bakwai, a 1956 kuwa suka ci tara, suka yi kunnen doki ɗaya, ba wanda ya cinye su, suka zama zakarun yankin kudu maso yamma. Mutane da yawa sun ce wahalar Junction ce ta haifi wannan nasara, amma gaskiyar magana ta fi haka faɗi. Da yawa daga cikin gwanayen 1956 sababbin ɗalibai ne da Bryant ya nemo a 1954, waɗanda ba su je sansanin ba, kamar John David Crow, wanda aka zaɓa gwarzon 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka a 1957. Har ila yau hanyar da aka bi wajen jawo waɗansu samarin ta saɓa wa doka, domin masu goyon bayan kwalejin sun yi musu ihsani, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'i ta hana zakarun 1956 shiga manyan wasannin ƙarshen shekara.

Komawa Alabama

A 1958 tsohuwar makarantarsa ta kira shi, bayan ta yi shekara uku wasa huɗu kacal ta ci. Ya yi shekara 25 a can, ya ci mata kambun ƙasa baki ɗaya sau shida: a 1961, 1964, 1965, 1973, 1978 da 1979. Ba ya duban fuska wajen horo. A 1963 ya dakatar da gwaninsa Joe Namath daga wasanni biyu na ƙarshe saboda karya dokar ƙungiya, aka kuma ci wasannin ba tare da shi ba.

Akwai inda tarihi ya tuhume shi. Alabama cibiyar wariyar launin fata ce a lokacin, a ƙofar jami'ar nan ne ma Gwamna George Wallace ya tsaya a 1963 don ya hana baƙaƙen ɗalibai shiga. Bryant shi ne mutumin da ya fi kowa farin jini a jihar, amma ƙungiyarsa ta zauna ta Turawa zalla har ƙarshen shekarun 1960. Sai a 1970 Wilbur Jackson ya zama baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar da tallafin karatu na ƙwallo, a 1971 kuma John Mitchell ya zama na farko da ya buga mata wasa. Masu kare shi suna cewa siyasar jihar ce ta ɗaure masa hannu, masu sukarsa kuwa suna ganin mai irin girmansa da ya buɗe baki da wuri da an saurare shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

A 1981 ya ci wasansa na 315, ya wuce Amos Alonzo Stagg wanda ya daɗe yana riƙe da matsayin farko a yawan nasara. Ya yi wasansa na ƙarshe ran 29 ga Disamba, 1982, inda Alabama ta cinye Illinois da ci 21 da 15. Mako huɗu bayan haka, ran 26 ga Janairu, 1983, ciwon zuciya ya yi ajalinsa a garin Tuscaloosa, yana da shekara 69. Aka binne shi a Birmingham, Shugaba Ronald Reagan kuma ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula bayan rasuwarsa.

Waɗansu sun zo daga baya sun wuce shi a lissafi. Eddie Robinson na Jami'ar Grambling ya zarce 323 a 1985, Nick Saban kuma ya ci kambun ƙasa na bakwai a wasannin 2020. Hana 'yan wasa ruwa a cikin zafi, wanda aka ɗauka jarumtaka ne a 1954, yanzu likitoci sun tabbatar hanya ce ta kisa, an kuma yi watsi da shi. Shi kansa Bryant a ƙarshen rayuwarsa ya yarda cewa ya tsananta wa yaran Junction fiye da kima.

Su kuwa yaran ba su riƙe shi da mugun nufi ba. Jack Pardee ya zama shahararren ɗan wasa kuma mai horo, Gene Stallings ya ci wa Alabama kambun ƙasa a 1992, waɗansu suka zama injiniyoyi da 'yan kasuwa. A 1979, bayan shekara 25, suka sake taruwa a Junction, suka gayyato tsohon maigidansu, suka ba shi zoben zinariya don tunawa da kwana goman nan. Bryant ya tara zobban nasara da lambobin yabo masu yawa a rayuwarsa, amma ranar da ya cika, zoben waɗanda suka sha kashi tara tare da shi ne a yatsansa.