Labarin William Farr, Likitan da Ya Ƙidaya Matattun Landan

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin wani likita na ƙasar Ingila wanda bai yi suna wajen ba da magani ba. Aikinsa ƙidaya ne. Shekara arba'in yana zaune a ofis yana lissafin mutanen da suka mutu, da inda suka mutu, da abin da ya kashe su. Da wannan lissafi ya nuna wa manyan ƙasarsa cewa talakan birni yana rigan mawadaci mutuwa, ya kuma nuna musu da shekara nawa.

An haifi William Farr ran 30 ga Nuwamba, 1807, a wani ƙauye mai suna Kenley. Iyayensa matalauta ne. Wani dattijo mai dukiya, Joseph Pryce, ya ɗauke shi tun yana ƙarami, ya goye shi, ya sa shi makaranta. Sa'ad da dattijon ya rasu a 1828, ya bar masa gādon fam 500. Da kuɗin nan ne saurayin ya tafi birnin Paris na Faransa ya koyi aikin likita. A can ya tarar da malamai waɗanda suke ƙidaya marasa lafiya su gwada wannan da wancan kafin su yarda magani yana aiki. Wannan hali ya shiga zuciyarsa.

Da ya komo, ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Landan, amma bai sami kasuwa ba. Ya yi aure, ba da daɗewa ba kuwa tarin fuka ya kashe matarsa.

A 1837 gwamnatin Ingila ta soma rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa cikin littafin rajista. Takardu suka taru tuli, ana bukatar wanda zai iya karanta abin da ke cikinsu. A 1839 aka tabbatar da Farr a kan wannan aiki. Ya tarar likitoci suna kiran cuta ɗaya da suna dabam dabam, saboda haka ya tsara sunayen cututtuka ya kasa su kashi kashi, domin abin da aka rubuta a wannan gari ya yi daidai da na wancan. Jerin sunayen cututtuka da asibitocin duniya suke bi yau, tushensa yana cikin aikin nan.

A lokacin mutanen Landan sun kai wajen miliyan 2. Farr ya ce yawan gawa kaɗai ba ya nuna kome, gama unguwa mai jama'a da yawa dole ta fi binne mutane. Sai a tambaya, cikin kowane mutum dubu, nawa ne suka mutu a shekara? Da ya auna haka, unguwannin gabas irin su Whitechapel, inda talakawa suke cunkushe cikin ƙananan ɗakuna, suka fi unguwannin mawadata na yamma mutuwa. Ya kuma lissafta tsawon ran da jariri zai sa zuciya ya yi bisa ga mutuwar shekara ta 1841. A lardin Surrey shekara 45 ne, a Landan 37, a birnin Liverpool kuwa 26 kaɗai. Kada mu ɗauka kowa a Liverpool yana mutuwa yana da shekara 26. Yawan jariran da ba su kai yaye ba, da yara ƙanana, su ne suka ja lissafin ƙasa.

Daga baya ya fito da wani ma'auni mai sauƙi. Ya zaɓi gundumomin da suka fi lafiya a ƙasar, inda mutum 17 cikin dubu suke mutuwa a shekara. A Landan wajen 24 ne. Bakwai ɗin nan da suka ƙaru, a ganinsa, mutane ne da ba lalle su mutu ba, da an gyara musu gida da ruwa da hanyar zubar da ƙazanta. Da haka ba wanda ya iya cewa ai kwanansu ne ya ƙare, ya wuce abinsa.

Amma Farr ma ya yi kuskure. A 1849 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta kashe mutum wajen dubu 14 a Landan. Ya jera unguwanni bisa ga tsayinsu daga Kogin Thames. A kwari kusa da kogi, mutum 102 cikin dubu goma suka mutu. A kan tudu mafi tsawo ba su kai goma ba. Lissafin gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce, gama ya zaci mugun wari da ke kwanciya a kwari shi ne yake kawo cutar. Wani likita, John Snow, ya ce ruwan sha ne. Farr bai yarda da shi sosai ba, duk da haka bai ɓoye masa takardunsa ba. Har ya sa aka bincika kamfanin da yake ba kowace unguwa ruwa, Snow kuwa ya yi aiki da wannan. Snow ya rasu a 1858, yawancin likitoci ba su karɓi maganarsa ba tukuna.

A 1866 kwalara ta sake dawowa, ta kashe fiye da mutum dubu 5, yawancinsu a gabashin birni. Farr ya duba lissafin mako mako, ya ga mutuwar tana bin bututun kamfani guda, wanda yake ɗebo ruwa daga tafkunan Old Ford a bakin Kogin Lea. Aka manna sanarwa kada kowa ya sha ruwa sai an tafasa. Bincike ya nuna lalle kamfanin ya ba mutane ruwan da ba a tace ba. Farr yana dab da shekara sittin, ya yi suna, amma ya bar ra'ayinsa na dā ya bi abin da lissafi ya nuna. Tun daga wannan shekara kwalara ba ta ƙara yi wa Landan irin wannan ɓarna ba.

Ya taimaki Florence Nightingale kuma wajen lissafin sojojin Ingila da cuta ta kashe a bariki da asibiti. Sa'ad da shugaban ofishinsu ya huta, aka ba wani matsayin, ba Farr ba. Ya ajiye aiki a 1880, ya rasu ran 14 ga Afrilu, 1883, yana da shekara 75.

'Yan'uwa, mu ma mun san amai da gudawa, mun kuma san unguwannin da ake yawan binne yara. Idan ba a rubuta haihuwa da mutuwa ba, iyaye su yi kuka, maƙwabta su yi gaisuwa, a manta, rijiyar da ta kashe yaron kuwa tana nan ana sha. Saboda haka mu da muka iya karatu, kada mu raina zuwa rubuta jariri ko mamaci wurin hukuma. In ma'aikacin lafiya ya zo yana tambayar abin da ya faru a gidanmu, mu faɗa masa gaskiya, mu kuma taimaki maƙwabcin da bai iya rubutu ba.