Jonas Salk, Likitan da ya Yi wa Ƴaƴansa Allura

Idan hunturu ya kama, mura takan bi gida gida, daga Gidigir har Gure da Damagaram, kuma ƙananan yara su ne suka fi jin jiki. Iyaye da yawa sukan yi ta wasiwasi a kan allurar rigakafi. Ga tarihin wani likita da ya yi aikin allurar mura da ta shan inna, wanda shi ma uba ne.

An haifi Jonas Salk ran 28 ga watan Oktoba 1914 a birnin New York, ƙasar Amurka. Iyayensa Yahudawa ne marasa dukiya. Yana ɗan shekara huɗu annobar mura ta 1918 ta game duniya, ta kashe miliyoyin mutane, har ta iso ƙasar Hausa, inda kakanninmu suka laƙaba mata suna marisuwa.

Ya sami takardar shaidar likita a 1939. A 1942 ya bi malaminsa Thomas Francis zuwa jami'ar Michigan. Ana cikin yaƙin duniya na biyu, hukumar soja kuwa tana tsoron kada mura ta sake yi wa askarawa ɓarnar 1918. Dabarar da suka bi ita ce su reni ƙwayar cutar cikin ƙwan kaza, su kashe ta da magani, sa'an nan su yi allura da ita. Matacciyar ƙwaya ba ta sa ciwo, amma jiki yakan gane kamanninta, ya shirya mata tun kafin mai rai ta zo. An gwada allurar a kan sojoji a 1943, aka amince da ita a 1945.

A 1947 allurar ba ta yi aiki sosai ba, domin ƙwayar mura ta sake kama. Wannan hali nata shi ya sa har yau ake sabunta allurar mura kowace shekara, ana yi wa yaro ita daga wata shida da haihuwa.

A shekarar nan ta 1947 Salk ya koma jami'ar Pittsburgh, ya juya ga shan inna da wannan dabara ta matacciyar ƙwaya. A 1952 kaɗai cutar ta kama mutum wajen 58,000 a Amurka, fiye da 3,000 suka mutu. Wasu manyan masana sun yi shakkar hanyarsa. A 1953 ya yi wa kansa allurar, ya yi wa matarsa da ƴaƴansa uku maza. 

A 1954 aka yi babban gwaji da yara ƴan makaranta wajen miliyan 1.8, kuma ba a yi wa yaro allura sai da sa hannun iyayensa. Ran 12 ga Afrilu 1955 Thomas Francis ya sanar cewa allurar tana karewa, kuma ba ta da lahani. Makonni kaɗan bayan haka aka gano wani kamfani ya fitar da allurar da ƙwayarta ba ta mutu sarai ba: yara wajen 200 suka shanye, mutum goma suka rasu. Hukuma ba ta ɓoye ba. Ta dakatar da aikin, ta tsananta bincike, sa'an nan aka ci gaba, iyaye kuma suka dawo da ƴaƴansu.

Salk bai mallake allurar da sunansa don neman kuɗi ba. Ya rasu ran 23 ga Yuni 1995 a La Jolla, yana da shekara 80.

Mu ma mun ga abin da shawarar iyaye take haifarwa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Da sarakuna da malamai suka sa baki, iyaye suka buɗe ƙofa, har ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ɗigon da ake sa wa yara a baki aikin Albert Sabin ne, allurar Salk kuwa tana cikin jerin rigakafin jarirai a Nijar.

Uban da yake tambaya bai yi laifi ba. Sai dai ya kai tambayarsa wurin ma'aikacin lafiya, ma'aikacin kuma ya amsa masa da gaskiya da ladabi, domin yarda ba ta samuwa da tilas. Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya.