Abebe Bikila, sarkin tsere

An haifi Abebe Bikila a ƙasar Habasha a shekarar 1932. Da ya girma, ya shiga soja cikin dogaran Sarki Haile Selassie.

A 1960 aka tura shi wasannin Olimpik a Roma, don tseren kilomita 42, wato kusan rabin tafiyar Matamaye zuwa Damagaram. Takalman da ya samu ba su yi masa daidai ba. Da mai yawan tunani ne, da ya shiga saƙe-saƙe har gabansa ya faɗi, ƙafafunsa su yi nauyi. Shi kuwa Abebe sai ya ajiye takalman, ya yi gudunsa ba takalmi kamar yadda ya saba a gida. Ya zo na ɗaya.

A 1964, kimanin kwana 40 bayan likitoci sun yi masa aiki a ciki, ya sake cin tseren a Tokyo.

A 1969 ya yi haɗarin mota, ƙafafunsa suka shanye. Bai karaya ba, ya koyi harbin baka yana zaune a keken guragu. Ya rasu a 1973.

Tambayoyi
1. Don me Abebe ya ajiye takalmansa?
2. In ɗan kokowa ya cika tunani a fili, me ke samunsa?