Shamfoliyon: Yaron da Ya Yi Niyyar Karanta Rubutun Fir'aunoni

Ya kai ɗalibi, ka taɓa ganin rubutun da ba ka iya karantawa, ka ji kana ɗokin sanin abin da ke cikinsa? Wannan darasi tarihin wani mutum ne da ya ji haka tun yana yaro, bai kuma huta ba sai da ya cika burinsa. Sunansa Jean-François Champollion, ana furta shi Shamfoliyon.

An haife shi ranar 23 ga Disamba, 1790, a garin Fijak da ke kudancin Faransa. Mahaifinsa mai sayar da littattafai ne. Yana da wa wanda ya girme shi da shekara goma sha biyu. Wannan wan ne ya ɗauki nauyin karatunsa, ya kai shi birnin Giranobul. An ruwaito cewa a can ne, yana da shekara goma sha ɗaya, wani masani ya nuna masa kayan tarihi da aka kawo daga Masar. A jikinsu akwai rubutu mai kama da zane: tsuntsaye da macizai da idanu da ƙafafu. Da ya ji cewa babu mai iya karanta shi, sai ya ƙudurta a ransa cewa shi zai karanta.

Ka sani, burin ba ƙarami ba ne. Mutanen Masar sun daina amfani da wannan rubutu wajen shekara 1,400 kafin lokacin, waɗanda suka iya shi kuma duk sun shuɗe. Masana da yawa sun ɗauka cewa kowane zane hikima ce ɓoyayya, ba shi da alaƙa da sautin magana.

Shamfoliyon bai tsaya ga fata kawai ba. Ya gane cewa harsuna ne za su kai shi ga abin da yake nema. Ya koyi Latin da Girkanci da Ibrananci da Larabci, ya kuma duƙufa a kan Kibɗanci, wato harshen da Kiristocin Masar ke ibada da shi. Ya yi imani cewa Kibɗanci ya samo asali ne daga harshen Fir'aunoni, kuma bincike ya tabbatar da haka daga baya. Kafin ya cika shekara ashirin, an ba shi aikin koyar da tarihi a jami'ar Giranobul.

Akwai wani dutse da ya zama mabuɗin aikin. A shekarar 1799 sojojin Faransa suka tsince shi kusa da garin Rashid, a bakin kogin Nilu. An rubuta sanarwa ɗaya a kansa da rubutu iri uku: rubutun zane, da rubutun yau da kullum na Masarawa, da Girkanci. Tun da masana sun iya Girkanci, sai aka yi zaton aikin zai yi sauƙi. Amma aka shafe fiye da shekara ashirin ana fama. Dutsen kansa ya koma hannun Ingilishi, aka ajiye shi a Landan, don haka da kwafe-kwafe Shamfoliyon ya yi aiki.

Wahala ba ta bar shi ba. Ya yi fama da talauci da rashin lafiya. Saboda ya goyi bayan Napoliyon, sai sabuwar gwamnati ta raba shi da aikinsa a 1816, ta mayar da shi garinsu. Ga kuma wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, wanda ya riga shi gano sautin wasu alamomi. Duk da haka bai karaya ba. Hausawa kan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Yanzu ka lura da yadda ya warware matsalar. Masarawa kan kewaye sunan sarki da zobe mai tsawo. Ya kwatanta sunan Sarki Tolami da na Sarauniya Kiliyofatara, ya ga alamomin da suka yi tarayya a kansu, ta haka ya san sautinsu. Amma waɗannan sunayen Girkawa ne, ana iya cewa baƙin sunaye kaɗai ake rubutawa da sauti. Ranar 14 ga Satumba, 1822, yana duba wani suna da aka kwafo daga wani tsohon ɗakin bauta. Alamar farko hoton rana ce, kuma ya san ana kiran rana "ra" da Kibɗanci. Alamomi biyu na ƙarshe ya riga ya san sautinsu "s" ne. Da ya haɗa, sai sunan Fir'auna Ramsis ya fito. Nan ya tabbata cewa tun asali rubutun ya haɗa alamomin sauti da na ma'ana. An ce ya ruga ofishin wansa ya ba shi labari, sannan ya faɗi sumamme.

A 1828 ne ya taka ƙasar Masar karo na farko, bayan ya shafe fiye da shekara ashirin yana nazarinta. Ya bi kogin Nilu cikin jirgin ruwa, yana karanta rubutun jikin gine-gine da kaburbura. Tafiyar ta raunana lafiyarsa. Ya rasu a birnin Faris ranar 4 ga Maris, 1832, yana da shekara arba'in da ɗaya. Wansa ne ya buga littafin nahawun da ya bari.

Za ka yi mamaki idan ka ji cewa masana sun sanya tsohon harshen Masar da Hausa da Larabci cikin babban dangin harsuna ɗaya. Kai ma yau harshen da ba naka ba kake koyo. Wata rana kalmomi za su yi maka wuya, ka ji kamar ka ajiye littafin. Idan ranar ta zo, ka tuna cewa kalmar "ra", wadda Shamfoliyon ya koya tun yana saurayi, ita ce ta taimake shi karanta sunan Fir'auna.

Tambayoyi
1. A wane gari aka haifi Shamfoliyon?
2. Me ya sa ya duƙufa a kan Kibɗanci?
3. Rubutu iri nawa ne a kan dutsen Rashid?
4. Mene ne burinka, kuma me kake yi yanzu domin ka cika shi?